Aron Jirgi

Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya karanta ya ɗauka mai maganar ya san abin daga ciki. Iyakata waya, wayar da ta kewaye filin jirgin Kano. Nan nake tsayawa in riƙe ta da hannu biyu, in kalli mutanen da na ɗauko daga Funtua da Ƙarfi da Maska suna hawa matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙofa ta haɗiye su. Shi ya sa a tasha ake ce mani Alhajin bakin waya. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don ba ƙarya aka yi mani ba.

Direba ne ni. Motar katako gare ni, wadda ta gaji tun kafin in saye ta. Da kaka in ɗauki auduga daga fuloti, inda ake awonta, zuwa gidan gurza, ranar kasuwa in ɗauki masara da dawa, in lokacin aikin hajji ya zo in wanke ta tas, in jera benci, in kai maniyyata da 'yan rakiyarsu Kano. In sun dawo in je in kwaso su. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da girmana, wanda da shi nake wannan rubutu. Wanda ya ga karkace ya yi haƙuri.

Ranar da na fara ganin jirgi ya tashi a kusa da ni, ba a daɗe da daina fam da sule ba. Ni mutum ne da ya san nauyi. Na san nishin da mota ke yi in aka ƙara mata buhu ɗaya a hawa. Ga wani abu ya fi layin shagunan tasha tsawo, ya haɗiye mutanen gari guda, da akwatunansu, da ƙullin kuka da daddawa da dakakken yaji da garin tuwo, don mutanenmu ba su yarda da abincin kowa ba. Na ce a raina wannan ko turawa aka yi ba zai gusa ba. Sai ya juya a hankali kamar mai tunani. Ƙararsa ba ta kunne ba ce, ta ƙirji ce, na ji ta a haƙarƙarina, na ji wayar da nake riƙe da ita tana rawa. Iskar bayansa ta narke, duk abin da ke can baya ya koma kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Ya sheƙa da gudu, ya ɗaga hanci, sai na ga haske tsakanin tayoyinsa da ƙasa. Ya naɗe ƙafafunsa ya cusa a ciki. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da wani ya taka mani hannu.

Tun daga ranar ban warke ba. Kowace shekara sai na ce na saba, kowace shekara sai na sami kaina a waya baki buɗe.

Wani manomin auduga daga Ƙarfi, dattijo, shi ya fara kawo mani jirgin ƙarfe. Na kwaso su daga Kano, mun sauka ƙofar gidansa, ana ta rabon dabino da bagaruwa da zamzam, sai ya jawo ni gefe ya sa hannu aljihu.

Ya ce, "Ungo naka. Ta taga na hango ka a waya ranar da muka tashi, kamar maraya. Na ce wannan in na kai mashi casbaha na zalunce shi."

A Jidda ya saya. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, amma da na karɓa sai hannuna ya yi ƙasa, don nauyi gare shi, ga sanyi kamar an ciro shi daga randa. Tayoyinsa na juyawa. Tagogi a jere, kowace da gurbinta, ƙanana kamar ƙwayar gero. An fitar da zanen ƙofa, an fitar da gilashin matuƙi, har 'yan layukan da ke bisa fiffike, waɗanda na sha gani daga nesa ban san amfaninsu ba. Wani ya zauna ya kalli wancan ƙaton abin, bai bar komai ba, ya mayar da shi abin da zai shiga aljihun dattijo.

Na kai wa wani mai zubin tukwane a kasuwar Funtua, abokina ne. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne, ya ɗan lasa.

Ya ce, "Zubi ne. Amma ban ga inda aka zuba ba, ban ga inda aka goge ba."

Na ce, "Za ka iya irinsa?"

Ya harare ni. Ya ce, "Wanda ya yi wannan, in ya ga tukunyata sai ya yi mani ta'aziyya."

Magana ta bazu cewa direba jirgi yake so. Daga nan duk shekara sai an kawo. Wasu su kawo na roba mai batir, mai wuta da kuka, waɗannan 'ya'yana nake miƙa wa su karya cikin kwana biyu. Na ƙarfen nake ajiyewa. Akwai mai farfela huɗu, akwai mai inji a gindin jela, akwai siriri mai hanci kamar tsinke, akwai babba mai tozo wanda sai da hannu biyu. Wasu fari da kore, wasu da ratsin ja, wasu da rubutun Larabci. Suka cika kanta ɗaya a kabad ɗin matata, suka gangara ta biyu, ta kwashe tasoshinta tana mita.

Takan ce, "Malam, mutane na tara awaki, kai kana tara jirage marasa tashi."

Amma ita ke goge su ran Juma'a, kuma ba ta yarda ko 'yar uwarta ta taɓa ba sai ta wanke hannu.

Aron kuwa ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata tsohuwa ce daga Maska, ɗanta ya biya mata kujera, ana gobe tafiya ta ce ta fasa. Ta ce ita ba ta taɓa hawa ko rufin ɗaki ba, ba za a kai ta sama da tsufanta ba. Ɗan ya zo wurina hankali tashe, ya ce tunda na sha ganin abin in je in yi mata bayani. Ni ban iya bayani ba, sai na sa jirgi ɗaya a aljihu. Na miƙa mata. Ta daɗe tana shafa shi.

Ta ce, "Ina zan zauna?"

Na nuna mata wata taga bisa fiffike.

"Ina ake alwala?"

Na ce, "Inna, nan ban sani ba."

Ta ce, "To ka yi gaskiya." Ta sake juya shi. "Ashe rufaffe ne. Ni ca nake a buɗe yake kamar motarka, iska na kwasar mutane."

Ta yarda za ta tafi, amma ta ce a bar jirgin a ɗakinta, mutanen gida su san abin da ya ɗauke ta. Ya zauna can har ta dawo, ita da kanta ta kawo mani shi a ƙulle cikin sabon ɗankwali, da dabino a gefe.

Shekara ta zagayo, gida uku suka aiko. Wata shekarar kuma kanta ta kusa zama wayam. Ba wanda ya kafa doka, amma kowa ya san yadda ake yi: ana ɗauka ranar tafiya, yana zama a gidan, in mai tafiya ya sauka shi zai maido. Limamin unguwarmu ya taɓa tare ni ya ce yana fata ba laya mutane suka mayar da abin ba. Na ce a'a Malam, kallo ne kawai. Na ɗauko mashi mai tozo. Ya sa tabarau, ya daɗe yana murza tayar gaba da ɗan yatsa yana cewa subhanallahi. Da ƙanensa zai tafi, shi ma ya aiko aka ɗauka.

Ba kowa ke dawowa ba. Akwai shekarun da wani zai cika a can, a binne shi a can. A wancan zamani labari ba ya gudu. Waɗanda suka sauka a jirgin farko su ke kawo shi sansanin alhazai a Kano, ni kuma da nake kwana a bakin sansanin ni nake fara ji. Sai in dawo in sami wani babba mu je gidan tare. In an gama salati da kuka, ba tare da na tambaya ba, sai a fito mani da jirgin a miƙo. Na karɓa haka ba sau ɗaya ba, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Sai shekarar da komai ya yi wuya. Soja sun dawo mulki, sabulu da madara sai an yi layi, kayan gyaran mota kuwa kamar an share su daga ƙasar. Hajji ya faɗo cikin damina. Na kai mutanena Kano lafiya, na tsaya a waya na yi kallona, a hanyar dawowa tsakanin Gwarzo da Dayi mota ta yi tari, ta yi farin hayaƙi, ta mutu. Jawo ta aka yi har Funtua. Bakanike ya kwance ya duba, ya ce injekta ce, wato abin da ke raba wa inji mai. Ya ce ya sha yi mata dabara, wannan karon ta wuce dabara, sai wata.

Na je Zariya, na je Kaduna, na koma Kano a motar haya kamar fasinja. Babu. Aka yi Sallar layya motata na tsaye a gareji, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ga alhazai sun kusa fara sauka. In ban je na kwaso su ba wani zai je, kuma wanda ya kwaso su bana shi zai kai na baɗi. Bayan su ga kaka, ga layin auduga a fuloti, wanda in ka fita ba a riƙe maka wuri. Ba ni da gona, ba ni da shago. Motar nan ita ce tukunyar gidana.

Mutum ɗaya ke da injekta irin tawa a duk Funtua, wani Ibo mai shagon kayan mota a bayan tasha. Tun kafin yaƙin basasa yake garin, ya tafi, ya dawo, 'ya'yansa nan aka haife su. Mun saba, yakan zo sunan 'ya'yana, ni ma nakan kai mashi naman layya. Na same shi yana cin dafaffiyar gyaɗa a bakin shago.

Ya ce, "Alhajin bakin waya! Yau a ƙasa? Ina jirgin naka na katako?"

Na ce, "Oga, bar wasa. An ce kana da injekta."

"Ina da ita. Ɗaya tak, kuma ba ta sayarwa ba ce. In na sayar, me zan saya da kuɗin? Takarda ce kawai yanzu."

"To ajiye ta za ka yi ta haihu?"

Ya yi dariya, ya miƙo mani gyaɗa. Sai ya gyara zama. Ya ce babbar 'yarsa ta gama karatu, ita da mijinta za su buɗe ofishin sayar da tikitin jirgi a Kano. Suna neman abin da za su ƙawata wurin, sun nema har Legas ba su samu na kirki ba. Shi kuma ya tuna kabad ɗin gidana.

Ya ce, "Ba ni su duka, ka ɗauki injekta. Ba na neman ko kwabo a kai."

Kowa a tasha zai ce na ci riba, kayan wasa a bakin injekta. Na sani. Amma ji na yi kamar ya ce in ba shi idona ɗaya.

Na ce, "Yawancinsu ba su gida. Suna wurin aro."

"Je ka karɓo mana. Ba naka ba ne? Buɗe ofis ya matso, ba zan iya jira ba."

Na koma gareji na zauna a inuwar motar har la'asar. Ba zan ce na yi tunani mai zurfi ba, ni dai na zauna. A gida na gaya wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Dawar da ke buhu ba za ta kai kaka ba. Ka sani, na sani."

"Ke nan in ba shi."

"Ni ban ce ba. Na gaya maka abin da ke buhu."

Washegari na ari babur na nufi Ƙarfi, don can mai tozo yake, a gidan wani manomi da ya tafi a shekarar. Niyyata in fara da shi, in bi sauran gidajen, in ƙare da Maska. An yi ruwa da safe, gari ya wanke. Masara ta fi mutum tsawo hagu da dama, auduga ta yi fure, ko'ina kore har ido ya gaji. Ina tafe ina tunanin yadda wannan ƙasa take ga wanda ke sama. Alhazai sun ce gonaki kan koma kamar facin riga. Na so in ga wannan.

Na iso da hantsi, maza duk suna gona. Daga waje ina jin daka, taɓarya biyu na amsa wa juna. Na yi sallama ba a ji ba. Sai ga wata mai tallar daddawa za ta shiga, na ce, "Baiwar Allah, ki ce direba ne daga Funtua, ya zo karɓar jirgi."

Ta shiga. Taɓarya ɗaya ta tsaya. Ta biyu ta ƙara bugu ɗaya, ita ma ta tsaya. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, har kukan kurciya na ji daga bayan gari. Sai wata mace ta ƙwalla salati, wata ta karɓa, gida ya ɗauka gaba ɗaya. Kafin in gane abin da ke faruwa maƙwabta sun fara fitowa, wani ya ruga gona yana kiran suna.

Sai ga mahaifiyar mutumin ta fito zaure, tsohuwa tukuf, ba ta kuka. Ta riƙo jirgin da hannu biyu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta miƙo mani.

Ta ce, "A Makka ne ko a Madina?"

Nan na gane. Ban taɓa zuwa karɓar jirgi kafin mai tafiya ya sauka ba, sai in ba zai sauka ba.

Na ce, "Inna, wallahi ba haka ba ne. Lafiyarsa lau. Ban ji komai ba."

"Kada ka ɓoye mani, ɗana. In can Allah ya ɗauke shi ai ya yi dace. Faɗa mani wurin kawai."

"Na rantse da Allah, Inna, ko Kano ban je ba tun kafin Sallah. Motata ce ta lalace."

Ta tsaya tana kallona, hannunta a miƙe. Na sake rantsuwa. Na juya na rantse wa maƙwabta, na ɗaga murya na rantse wa matan da ke ciki. Kukan ya daɗe kafin ya lafa, don wasu na can ƙurya ba su ji ba, wasu kuma sun ɗauka lallashi ne. Ƙanen mutumin ya iso da gudu, fartanya a hannu, laka har gwiwa. Da aka gaya mashi sai ya jefar da fartanyar ya dafe kai.

Ya ce, "Kai direba, Allah ya shirye ka! Ka kashe mani wa da rana tsaka, ka sa na bar shanu da garma a gona!"

Wani maƙwabci ya ce, "Ka bari ya dawo ya ji an yi mashi zaman makoki kyauta."

Aka fara dariya, irin wadda ke fita da hawaye. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta zauna a dakalin zaure, jirgin a cinyarta.

Ta ce, "To me ya kawo ka karɓa tun bai sauka ba?"

Na gaya mata komai, injekta da Ibo da ofishin Kano. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Naka ne, ba mai hana ka. Amma in ka ɗauke yanzu, ni me zan duba?"

Ƙanen ya ce, "Haba Inna, abin wasa ne fa."

"Na san abin wasa ne. Ni yarinya ce?"

Ta warware ƙyallen. Ta ce tun ranar da ɗanta ya tafi ta ɗora shi bisa faifai a kan randa, hancinsa na kallon gabas. Ranar Sallah da yamma, da ta lissafa sun sauko daga Arfa, sai ta juya hancin ya kalli yamma, ya fuskanci gida. Kullum in ta gama sallar asuba takan matsar da shi kaɗan, kamar faɗin yatsa, zuwa bakin faifan. Ta nuna mani da yatsanta. Ta ce ya kusa baki.

Na yi shekara da shekaru da jiragen nan a ɗakina, ina kallonsu ina mamakin wanda ya ƙera. Ban taɓa sanin abin da ake yi da su a bayan katangar mutane ba. Tsohuwar da ba ta cika zuwa ko Malumfashi ba tana zaune tana tuƙo jirgi daga Jidda da ɗan yatsa. Mamaki ya kama ni kamar ranar da na fara tsayawa a waya.

Na ce, "Mayar da shi, Inna. Inda yake za ki ajiye, kada ki rage mashi tafiya."

Ban je sauran gidajen ba. Na juya babur na koma Funtua, kai tsaye shagon Ibo. Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ƙware, yana bugun benci, yana cewa in sake faɗin wurin fartanya. Da na zo kan faifai sai ya daina.

Ya ce, "Mu a ƙauyenmu lokacin yaƙi, in an ji jirgi rami ake shiga. Uwata har ta mutu in ta ji ƙara a sama sai ta duƙa." Ya share fuska. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da injekta a naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya ajiye a gabana. "Ɗauki. 'Yata ta buɗe ofis da bango tsirara, ba za ta mutu ba. In sun sauka ka kawo."

Na ɗauka zai ce ya yafe rabi. Na ɗan jira.

Ya ce, "Duka fa, Alhaji. Har mai tozon."

Injektar na gabana, ina jin ƙanshin sabon mai a jikinta. Ba wanda ya tilasta ni. Na miƙa mashi hannu na ce, "Duka."

Bakanike ya ɗaura, mota ta tashi bugu ɗaya, muryarta ta koma kamar ta budurwa. Na isa Kano ana gobe jirgin farko zai sauka. Sauka ma abin kallo ce. Da farko ɗigo ne a sama, ka ce ƙuda ne, sai ya yi fiffike, sai ya sauko da ƙafafu, ya zo yana lilo a hankali kamar ba ya so, tayoyi su taɓa ƙasa su yi hayaƙi. Ƙofa ta buɗe, mutanen da ka sani su fito sun rame sun yi baƙi, suna walƙiya.

Manomin Ƙarfin nan da na je gidansa a jirgi na uku ya sauko, da sabon haƙorin Makka. Labari ya riga ni, ban san ta ina ba. Ya rungume ni yana dariya.

Ya ce, "Direba, an ce ka kashe ni! Wa ya yi mani salla?"

Na ce, "Alhaji, ba a kai ga nan ba, ƙanenka ya bar shanu a gona."

A shekarar ba wanda ya kawo sabon jirgi, guzurin da aka ba su bai kai ba. Tsofaffin jiragen suka dawo gida ɗaya bayan ɗaya, wani na ƙanshin turaren wuta, wani da ɗan maiƙo a fiffike, wani an ɗinka mashi jaka. Da suka cika, matata ta goge su, ta naɗe kowane cikin auduga ta jera a kwali. Ta maida tasoshinta bisa kantar kabad. Na ɗauka na kai. Ibo ya buɗe ya duba, ya rufe, ya ce Allah ya sa albarka, na ce amin.

Da hajji ya zagayo mutane suka zo aro. Na ce babu. Wasu suka ce ai da na faɗa da an yi karo-karo an saya mani injektar. Na ce a lokacin ba kuɗi ne babu ba, injekta ce babu. Wasu suka ji haushi, wasu suka tafi da hoton jirgi da aka yanko daga kalanda. Bayan 'yan shekaru aka daina tambaya.

Sau ɗaya na je ofishin. Na sauke kaya a Kano, na tambaya aka nuna mani. Na ɗauka zan same su a jere cikin gilashi kamar yadda suke a kabad. Da na tura ƙofa ban gan su ba, sai da na ɗaga kai. Yarinyar ta ɗaure kowane da zare siriri wanda ido ba ya gani, ta rataye su daga silin, wani sama wani ƙasa. Fanka na juyawa, su kuma suna motsi. Mai farfela huɗu ya karkata fiffike yana juyowa a hankali, siririn ya ɗaga hanci, mai tozo na tsakiya yana lilo, inuwarsu na yawo a bango. Duk zamansu a hannuna ban taɓa ganin cikinsu daga ƙasa ba, yadda ake ganin jirgi. Bai taɓa zo mani a rai in rataye su ba.

Yarinyar ta gane ni, ta taso da Hausarta ta Funtua.

"Baba! Sannu da zuwa. Zauna mana, a kawo maka ruwa."

Na ce, "Bar ni a tsaye, 'yata. Ƙara fankar nan kaɗan."

Ta ƙara. Na tsaya kai a sama har wuyana ya yi ciwo, masu sayen tikiti na ratsa ni suna wucewa. Sannan na yi mata sallama na fita, don na bar mota a inda ba a tsayawa, kuma akwai buhunan taki da ake jira a Musawa kafin dare.